Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Kebbi Kan Dalma Da Zaibar Da Ke Gangarawa Tafkin Kainji

Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



Ina addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya sa a sauke nauyi lafiya. Ina kuma miƙa gaisuwar ban girma ga Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda a ƙasarsa nake zaune nake wannan rubutu. Allah ya ja zamaninsa.

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin kimiyya ne. Na sha ƙurar alli shekara talatin da 'yan kai kafin in ajiye aiki in dawo gida Birnin Yauri. Kai ma malami ne, har ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, saboda haka ka san halinmu: in muka yi bayani ba a ji ba, sai mu maimaita da ƙarfi. Sau biyu ina rubuta takarda zuwa wani ofishi da nake ganin maganar ta shafa. Ta farko aka ce ta iso, ana dubawa. Ta biyu da kaina na kai, na wuni a kan benci, da la'asar masinja ya ce mini mai sa hannu ya yi tafiya. Shi ya sa yau na fito fili, kuma ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi a wani wuri.

Zinare ba baƙo ba ne a ƙasar Yauri. Tun zamanin Turawa ake haƙarsa a bayan garin nan. Da gwamnatin tarayya ta tashi shirinta na PAGMI don tsara ƙananan masu haƙa, Kebbi da Osun ta fara zaɓa, kuma duk mun ga hoton nan na watan Yulin 2020, lokacin da aka miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5, wadda Babban Banki ya saya Naira miliyan 268. An yi murna, mu ma mun yi. Wata goma bayan haka, ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin ruwa ya kife kusa da Wara da mutane fiye da 150, rahotanni kuma suka ce har da buhunan ƙasar ma'adinai a cikin kayan da ya ɗauko. Kowa ya yi kukan mutanen, haka ya kamata. Ni bayan na share hawaye sai na tsaya ina tambayar kaina: waɗannan buhuna gidan wa za su? A tsakar gidan wa za a zazzage su?

Kukana na farko ke nan, ranka ya daɗe. Dutsen zinare yana shiga gidajen mutane. Na shiga wani gida a wata tunga yin ta'aziyya, na tarar da turmi biyu a gindin bango, ɗaya na gero, ɗaya na dutse, taɓarya kuwa ɗaya ce. An shanya niƙaƙƙen dutse a kan buhu, fari fat kamar garin rogo, wata yarinya da ba ta wuce shekara biyu ba tana rarrafe a gefensa, hannu na zuwa ƙasa yana komawa baki. Da na yi magana sai maigidan ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ƙasa ce." Gaskiyarsa, a ido ƙasa ce. Amma masana duwatsu sun daɗe da rubuta cewa jijiyar zinaren Birnin Yauri tana tafe tare da wasu ma'adinai, ciki har da galena, wato dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi. Galena kuwa uwar dalma ce.

Mun ga ƙarshen wannan wasa a gidan maƙwabci. A 2010 likitocin MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta, 'Yargalma da Abare. Yaro ya yi amai, ya sanƙare, ya tafi. Iyaye suka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, wasu suka ce iska ce. Ashe ƙurar dutsen da ake niƙawa a gida ce. Yara fiye da 400 suka rasu. A wasu gidaje an auna dalma a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin Amurka na ɗaukar 400 a matsayin iyaka a wurin wasan yara. Bagega sai 2013 aka share ta, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin kuɗi su fito. A 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira da kewayenta cikin Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Zamfara na gefenmu, Neja na gefenmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya mutu an san an yi rashi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da dalma ta taɓa kaɗan, bai faɗi ba, bai sanƙare ba. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata da ba ya cutarwa. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali. Sai yaro ya zo aji shida bai iya haɗa baƙi ba, mu malamai mu kira shi daƙiƙi, mu sa masa bulala. Na yi wannan da hannuna, Allah ya yafe mini. Ka gina ajujuwa, ka ɗauki malamai, amma idan ƙura ta riga ka shiga kan yaro, alli ba zai fitar da ita ba.

Kuka na biyu shi ne zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da wasu ke kira makuri. A daba, wurin niƙa da wanki, za ka ga saurayi ya zuba ta cikin kwano yana murza ta da laka da hannu tsirara har ta kama zinaren. Ya tace a ƙyalle, ya matse, ya ɗora ɗan dunƙulen a cokali bisa garwashi. Zaiba ta tashi sama, zinare ya rage. Hayaƙin ba ya da launi, ba ya da wari, mai shayi na gefe yana firfita wutarsa. Ragowar ruwan kwanon kuma a kwarara shi ƙasa, ya bi rafi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke saki cikin iska daga irin wannan ƙaramar haƙar zinare take fitowa. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan inda wata masana'anta ta yi shekaru tana zuba guba a ruwa, masunta suka ci kifi, aka riƙa haifar yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. An gano ciwon a 1956, gwamnatin Japan ba ta amsa musabbabinsa ba sai 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji.

A nan nake so ka ɗan ba ni aron kunnenka na malami. Duk rafin da ke ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, ƙarshensa Kwara da tafkin Kainji. A ƙarƙashin tafkin akwai baƙar laka wadda iska ba ta shiga, cikinta kuma akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani. Wasunsu idan suka sami zaiba sukan juya ta zuwa wani nau'i da ya fi na farko mugunta nesa ba kusa ba, wanda ke shiga tsoka ya zauna. Warangi ya ci ƙananan halittu, tsage ya ci warangi, giwan ruwa ya ci na ƙasa da shi, kowane mataki gubar na ƙara taruwa, har ta iso tukunyar mai ciki. Wurin da ruwa ke rufewa ya janye, ya sake rufewa, nan wannan aiki ya fi sauri. Bakin tafkinmu ke nan daidai, farin ruwa ya zo ya wuce, baƙin ruwa ya biyo baya, sannan ruwa ya ja a shuka albasa da shinkafa. A yankin Wanshan na ƙasar Sin an tabbatar da cewa ta shinkafa wannan guba ta fi shiga jikin mutane.

Ban ce kifin Yauri guba ne ba, kada wani ya ɗauki maganata ya je ya karya wa Sarkawa da Gungawa kasuwa. Ni ma jiya da miyar ƙarfasa na ci tuwo. Abin da na ce shi ne a auna. Ƙasashe da yawa sun sa iyakar miligiram 0.5 na zaiba a kowane kilo na kifi. Mai sayar da kifi a Yelwa yana da haƙƙin sanin inda kayansa suka tsaya a wannan ma'auni. Mutanen da madatsar Kainji ta tasa daga gungunansu da garuruwansu, su fiye da 40,000, don ƙasa ta sami lantarki, sun riga sun biya nasu kason. Kifin nan shi ne abin da ya rage musu.

Kuka na uku gajere ne. A 2023 gwamnatinka ta dakatar da haƙar ma'adinai saboda tsaro. Mu da muka ga abin da ya faru a kwalejin gwamnatin tarayya ta garin nan ranar 17 ga Yunin 2021 ba ma buƙatar a yi mana bayanin tsaro. Sai dai sanarwa mutum take korewa. Tulin ƙasar da aka wanke yana nan inda aka bar shi, kowace damina tana ɗibar rabonta. Malaman jami'o'inmu kuma sun sha zuwa su ɗebi ruwa da ƙasa da kifi su auna, sakamakon ya ƙare a mujallun Turanci da mai unguwa bai taɓa gani ba. Na san za a ce ma'adinai na gwamnatin tarayya ne. Haka ne. Amma dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta danƙa ƙasa, dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, jinin yaron Shanga kuwa ba sai an nemi izinin Abuja kafin a duba shi ba.

To, mene ne magani? Abin da na yi ta ƙoƙarin kai wa ofishin can ke nan. Ƙwayoyin nan na cikin laka, da fumfuna da naman kaza, ana iya sa su aikin tsare guba.

Lokacin ina koyarwa nakan sa ɗalibai su cika kwalba da lakar fadama, su ƙara dusar shinkafa da ɗan kashin shanu da garin farar ƙasa irin ta filasta, su toshe su ajiye a inuwa. Bayan mako biyu zuwa uku sai kwalbar ta yi baƙi ƙirin, in an buɗe wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, aji ya watse da dariya da toshe hanci. Wannan warin shi ne maganin. Iskar da ƙwayoyin ke fitarwa idan ta haɗu da dalma ko tagulla da ke narke a ruwa, sai ta ƙulle su su zama baƙin gari su kwanta a ƙasa, ruwa ya wuce ya bar su. Abin da yarana suka yi a kwalba shi wata matatar ƙarfen zinki ke yi a garin Budel na ƙasar Holan tun 1992, tana tace gurɓataccen ruwan ƙarƙashin ƙasa da bakteriya. Wajajen shekarar 2000 masu bincike daga Jamus suka kafa wata matattara a wata masana'anta a Jamhuriyar Cek, inda ƙwayoyin Pseudomonas suka riƙa cire sama da kashi 90 cikin 100 na zaibar da ke cikin ruwan datti, suna mayar da ita ɗigon ƙarfe da ake iya tarawa. Ko a harkar zinare ma ba sabon abu ba ne a yankinmu: a Obuasi ta ƙasar Ghana an fara amfani da bakteriya a 1994 wajen ɓanɓare zinare daga dutsen da ya ƙi saki.

Fumfuna ma tana da nata. A 2012 Farfesa Geoffrey Gadd da abokan aikinsa a Jami'ar Dundee ta Sikotilan suka nuna cewa wasu nau'o'in fumfunar ƙasa suna mayar da dalma wani ma'adini mai suna pyromorphite, wanda da ƙyar yake narkewa, don haka ko ya shiga ciki jiki ba ya tsotsarsa sosai. Abin da ake buƙata don wannan ƙulli shi ne sinadarin da ke cikin ƙashi. A 2011 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gauraya niƙaƙƙiyar ƙayar kifi da ƙasar gidaje a wata unguwa ta birnin Oakland don ɗaure dalma. Su daga Alaska suka yo odar ƙayar. Mu a Yelwa kullum shara ake yi da ita. Ga jema a fadama, wadda 'yar'uwarta ta ƙasar Indiya ta yi suna a duniya wajen riƙe ƙasar ma'adinai da saiwarta mai zurfi. Ga kacalla da ta addabi manoma, ita ake dasawa a kududdufan tace ruwa a wasu ƙasashe. Kayan aikin duk a ƙofar gida suke.

Yanzu ga gargaɗina, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci a wannan takarda. Ranar da aka ji gwamnati na sha'awar wannan fanni, wani zai zo maka da jaka da hotuna, ya ce yana da garin da ake yayyafawa guba ta ɓace. Ka sallame shi. A ƙasar Ogoni ƙwayoyi na cinye ɗanyen mai saboda mai abinci ne a wurinsu. Dalma da zaiba ba sa ciwuwa, ba sa ruɓewa, wuta ba ta ƙone su. Iyakar abin da ƙwaya za ta yi shi ne ta kama su, ta ɗaure su, ta tara su wuri ɗaya. Bayan nan sai mutum ya zo da shebur ya kwashe lakar, ya binne a ramin da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, a kewaye shi don kada shanun Fulani su kai baki. Ciyawar da ta sha guba ba a ba dabba, naman kazan da ya tsiro a wurin ba a ci. Gidan da dalma ta yi yawa kuma babu batun jiran fumfuna, domin ita aikinta wata da watanni ne, yaro kuwa yau yake rarrafe. A Zamfara da fartanya da baro aka kankare saman ƙasa aka zuba sabuwa, sannan aka ba yara magani. Nan ma haka za a yi.

Akwai tarko biyu da sai masani zai kauce musu. Na farko, ƙwayoyin kwalbar nan tawa masu ɗaure dalma dangin waɗanda ke juya zaiba ta zama mugun nau'i ne. Wanda ya haƙa kududdufi ya zuba dusa da taki, ya saki ruwan wankin da ke ɗauke da zaiba, ya gina masana'antar guba da kuɗin gwamnati. Dole a tare zaiba tun a kwano, a raba ruwanta da sauran. Na biyu, baƙar fumfunar da ke fitowa a jikin albasa idan ta daɗe a rudu, wadda masana ke kira Aspergillus niger, busasshen jikinta yana tsotse dalma daga ruwa kamar soso, amma mai ranta tana fitar da tsami da ke iya sake narkar da dalmar da aka ɗaure. Abu ɗaya, fuska biyu. Shi ya sa nake cewa aikin na jami'a ne, a fara shi ƙarami, a riƙa aunawa.

Ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙon ka tura ma'aikatan lafiya su duba jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙauyukan haƙa na Yauri da Ngaski da Shanga. Akwai na'urar da ke ba da sakamako cikin 'yan mintoci da ɗigon jinin yatsa, akwai kuma ta hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta faɗi yawan dalma nan take. Da irinsu aka yi aikin Zamfara, kuma 'yan Najeriyar da aka horar a can suna nan da ransu. A auna giwan ruwa da tsage da ƙarfasa da warangi, da shinkafar bakin tafki. Duk abin da aka samu, mai daɗi ko marar daɗi, a faɗe shi da Hausa a rediyo, a kai wa hakimai da dagatai da limamai.

Ina roƙon ka haɗa kai da Masarautar Yauri a fitar da daka da niƙa daga gidaje zuwa wurin da aka keɓe nesa da rijiya da rafi, a riƙa niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta, mai aiki ya yi wanka ya canza tufa kafin ya ɗauki ɗansa. Maganar sarki ta fi ta ɗan sanda shiga kunnen mai haƙa. Masu walda na Yelwa kuma za su iya ƙera tukunyar ƙona zinare mai rufi daga bututun famfo, wadda ke mayar da hayaƙin zaiba ruwa a sake amfani da shi. Mai haƙa zai karɓe ta, tunda zaiba da kuɗi yake saye.

Ina roƙon a zaɓi daba ɗaya tak a Ngaski a yi gwaji na damina biyu: jerin kududdufai da ruwan wanki zai bi kafin ya kai rafi, da ƙwayoyin da aka ɗebo daga ƙasar wurin, waɗanda suka riga suka saba da gubar. A danƙa aikin ga jami'ar jiha ta Aliero, da ta tarayya ta Birnin Kebbi, da ta aikin gona ta Zuru, tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa. A auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita kowane wata. In ya yi, a faɗaɗa. In bai yi ba, a faɗa mana gaskiya. Kuɗin kuwa a nemi hukumar HYPPADEC ta sa hannu, tunda don al'ummomin bakin madatsu aka kafa ta. Kamfanonin da ke shigowa Libata neman litiyom su ma a sa su ajiye kuɗin gyaran ƙasa tun kafin su tona, kamar yadda dokar 2007 ta tanada.

Idan duk waɗannan sun yi yawa a lokaci guda, a fara da jinin yara. Ina roƙonka don Allah a ɗebi na farko kafin farin ruwa na bana ya sauko. Ranar da ma'aikatanka suka iso, ni zan shige musu gaba in nuna musu gidan nan mai turmi biyu.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya zaunar da Jihar Kebbi lafiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin kimiyya,
Birnin Yauri, Ƙaramar Hukumar Ngaski.